Ƙofar da Aku Ta Zana a Bango

"Ni ban jefi komai ba, Umma!"

"To duwatsun ƙafa suka yi? Gidan nan kaf wa ke maƙale murya yana tsorata mutane in ba ke ba?"

"Wallahi ina bakin famfo ina wanke buroshi."

"Rufe min baki. Auta da bakinta ta ce muryarki ta ji."

Aku ta juya ta dubi ƙanwarta. Auta ta sunkuyar da kai tana murza gefen rigarta, ba ta ce a'a ba. Wannan shirun ya fi faɗan Umma ciwo.

Tun tana ƙarama ake ce mata Aku, don babu muryar da za ta shiga kunnenta ba ta fito ta bakinta ba. Ta taɓa yin tarin Baba a bakin ƙofa, har Umma ta miƙe ta zuba abinci alhali Baba yana wurin aiki. To amma wannan karon ba ita ba ce, kuma ɗakin da ake cewa ta jefa, ai ita ta ƙawata shi da hannunta.

Mako uku ta yi tana aikin, saboda Auta, wadda ba ta da zance sai gimbiyoyin katun na talabijin. Ta shafe bango da ruwan hoda, ta yi rufin shuɗi ta liƙa masa taurari masu haske a duhu. Tsohon gidan sauro ta rina ta rataya, ya zama labulen gadon gimbiya. A babban bangon kuwa ta zana fada mai hasumiya bakwai, da kogi, da gada, da farin doki mai ƙaho ɗaya a goshi. Akwai wani rami a ƙasan bangon, kamar faɗin tafin hannu, wanda marigayiya Kaka takan ce a bar shi yadda yake. Aku ta cike shi da siminti, da ta ga wurin ya ɗan tudu sai ta zana ƙofar fadar a kansa, har da zoben ƙwanƙwasawa ruwan zinari.

A gindin wannan ƙofa aka tsinci duwatsu uku, rana tana faɗuwa, taga a rufe.

Kashegari ma haka. Da zarar inuwa ta cika tsakar gida, kaji sun yi shiru, sai a ji dutse ya bugi bango. A ɗan jima, wani ya biyo. Bayan na uku sai ƙwanƙwasa, a hankali, irin ta baƙo mai kunya. Sannan wata siririyar murya ta taso daga ɗakin da babu kowa, muryar gimbiyar katun sak, wadda duk gidan suka san Aku ce kaɗai ta iya.

Umma ta ƙwace gwangwanayen fentinta ta kulle. Baba ya daina amsa gaisuwarta. Auta kuwa, wadda aka yi wa wahalar, in sun haɗu a ƙofa sai ta raɓe jikin bango.

Rana ta huɗu Umma ta ce yau za a ga ƙarshen iskanci. Ta zaunar da Aku a gabanta, ta miƙa mata kofi.

"Cika bakinki da ruwa. Kika haɗiye, ni da ke ne."

Aku ta zauna kumatu a kumbure, hawaye na bin su. Haske ya janye daga kan katanga. Gidan ya yi tsit, har ana jin ɗigar famfo. Dutse ya bugi bango. Na biyu. Na uku. Muryar ta taso, siririya, tana rangaji.

Umma ta dubi kumatun Aku, ta dubi ɗakin. Ba ta ce yi haƙuri ba. Cewa ta yi, "Ina Auta?"

A durƙushe suka same ta gaban zanen, idanu a kafe, tana ƙwanƙwasa ƙofar fadar da goshinta.

Malamin da Baba ya ɗauko dattijo ne marar gaggawa. Ya zauna a kan kafet mai zanen furanni, ƙarƙashin taurarin roba, ya sa aka riƙe yarinyar, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Labulen gado ya riƙa motsi ba iska. Can jikin Auta ya sandare, bakinta ya buɗe, wata murya ta fito, tsohuwa, busasshiya, kamar ana jan buhu a ƙasa.

"Ya isa. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Ke dai. Na riga harsashin gidan nan zama a nan. Ni da tsohuwar da ta rasu ba mu taɓa saɓawa ba."

"To me ya kawo jifa?"

Kan Auta ya juya a hankali har ya tsaya a kan Aku.

"Tambayi wannan. Na fito kallon zane, na koma na tarar an toshe min ɗaki da kayana a ciki. Na so in yi fushi. Sai ta tsaya a nan, da hular takarda a kanta, ta ce..."

Muryar ta sauya, ta koma ta gimbiya, siririya: "Ya ku mazauna wannan ɗaki, na fili da na ɓoye, ga fadarku. Ku shiga, taku ce har abada!"

Aku ta tuna. Ranar da ta gama zanen ne, ta ɗora kambin kwali, ta rusuna, ta faɗi haka don Auta ta yi dariya.

"Wasa nake yi," ta ce, da ƙyar.

"Wasa." Tsohuwar muryar ta dawo, tana rawa. "Na je na gaya wa dangina an yi min fada mai hasumiya bakwai. Na gayyato su, suka yi kwalliya. Na ƙwanƙwasa a gabansu. Bango ne. Har yau in na wuce dariya suke. Shekara nawa ina tsare gidan nan, ko cokali bai taɓa ɓata ba, sakayyata ke nan?"

"Ita ƙaramar da kika shiga, me ta yi miki?" in ji Malam.

"Ita ta tafa."

Malam ya gyara zama. "Za ki fita, ko in ci gaba?"

"Zan fita. A ba ni harshen mai alkawarin ƙarya."

Aku ta dafe bakinta da hannu biyu. Malam bai ko dube ta ba, ya ɗaga murya da karatu, har Auta ta gantsare tana ƙara.

"Tsaya! To a buɗe min ƙofa in kwashe kayana. Ita za ta buɗe, da hannunta. Ba zan ƙara kwana gida ɗaya da masu zana ƙofa ba. Kuma abu ɗaya zan ɗauka cikin abin da aka ce nawa ne."

"Ban da mai rai."

"Ban da mai rai."

Ya sa ta rantse sau uku. Baba ya kawo guduma ya miƙa wa Aku, idonsa a ƙasa. Ta durƙusa gaban ƙofar da ta kwana biyu tana gyara wa zobe. Bugu na farko zoben ya tafi. Na biyu tsaga ta haura har hasumiya ta uku. Na uku simintin ya rufta, wata iska mai sanyi ta fito da ƙanshin tsohuwar ƙasa, ta zaga ɗakin, ta wuce ta ƙofa. Auta ta yi atishawa sau uku, ta sulale a jikin Umma.

Da ta buɗe ido, bango ta fara kallo, sannan gudumar.

"Yaya, me na yi miki kika fasa min fadata?"

Aku ta buɗe baki. Duk muryoyin da ta iya, ta rasa wadda za ta amsa da ita. Ta ajiye gudumar ta fita.

Da safe Umma ta shiga share ɓaraguzai, sai aka ji ta ƙwala kira. Suka taru. Kogi yana nan, gada tana nan, hasumiyoyi suna nan da tsagarsu. A bakin gadar kuwa babu komai sai tsohon farin bango, an yanke shi daidai siffar doki, har ƙahon.

"Baban Auta," in ji Umma, murya ƙasa-ƙasa, "ina dokin?"

Baba ya daɗe yana duban wurin, yana shafa haɓa.

"To tsohuwa ce, ga kaya," ya ce. "Da ƙafa kike so ta tafi?"