Mita Arba'in

"Sake faɗa min, Kyaftin. Me kake ji yanzu?"

"Ba komai, Dakta."

"Ba komai kamar yaya? Ƙofar jirgi a buɗe take, ga ƙasa nan kamar ka miƙa hannu ka tsinko ganye. Ko ɗan faɗuwar gaba?"

"Babu."

Dakta Rumasa'u ta mayar da idonta kan allon da ke ɗaure a hannunta. Gaskiya ya faɗa. Zuciyar Kyaftin Lurwanu sau hamsin da takwas take bugawa a minti, kamar ta mai barcin rana, alhali jirgin yana shawagi ƙasa-ƙasa a kan gonakin shinkafar Birnin Tafki, iska tana marin fuskokinsu. A ƙeyarsa, ƙarƙashin hular kwano, wani siririn zobe yana ƙyalli shuɗi. Natsu ke nan, na'urar da ta ƙera da hannunta. Wanda ke ɗauke da ita kuwa mijinta ne, shekararsu huɗu da aure.

A wancan zamani sama ta daina zama mafakar soja. Kowane birni ya kewaye kansa da idanun-lantarki, duk abin da ya wuce mita ɗari daga ƙasa sai sun gan shi, bindigoginsu kuma ba sa jiran umarnin mutum. Sojan laima da ya diro daga can sama ya zama abin harbi tun yana lilo a iska. Saboda haka jirage suka koma bin kan bishiyoyi, aka ƙera laimar da tiririn gas ke buɗewa cikin daƙiƙa guda. Laima ta yi abin da ake so. Mutum ne ya ƙi. Wanda zai faɗa daga mita sittin, daƙiƙa uku da 'yan kai gare shi kafin ƙasa ta karɓe shi, tsoro kuwa yana cinye rabin daƙiƙa a bakin ƙofa, ya sandarar da gwiwa, ya karya ƙafa. Natsu tana aika ɗan siririn lantarki cikin ƙwaƙwalwa, ta rufe bakin wurin da tsoro yake fitowa. Shi ke nan aikinta.

Duk shekara ana fitar da Jadawalin Dira, inda ake jera rundunonin laima na ƙasashe, wa ya fi wa kusantar ƙasa. Mutanen Dutsen Ƙanƙara da horo suke taƙama, shekara bakwai suke gasa soja kafin su bar shi ya ga ƙofa, suka tsaya a mita sittin. Tarayyar Tsibirai kuwa 'yan kayan aiki ne, takalmansu ma na'ura ce. Da Natsu ta zo, rundunar Birnin Tafki ta sauko hamsin da biyar, ta hau saman jadawali, aka yi kwana uku ana kiɗa a barikin. Watan jiya Tsibirai suka sanar da arba'in da takwas. Yau Janar Haladu Maikano ya tara jakadun soja na ƙasashe goma sha ɗaya a rumfar filin gwaji, yana so su ga arba'in da idonsu.

Arba'in sai an ɗaga Natsu daga mataki na shida zuwa na tara. Dokar runduna kuma ta ce ba mai ɗaga ta sai injiniyan da ke cikin jirgi, da babban yatsansa.

Rumasa'u ta dubi mazaje ashirin da ke zaune a layi biyu. Da can wannan jirgi kasuwa ne. Kofur Sallau, sarkin tsiya, ba ya barin kowa ya sha ruwa, yakan ce wa Lurwanu, "Yallaɓai, gwiwar nan taka tana kaɗa kalangu, a kawo maroƙi ne?" Lurwanu ya ce, "Kai da ka yi amai a hularka ka mayar da ita ka?" A kwashe da dariya, wani yana salati, wani yana sumbatar hoton 'yarsa. Yau Sallau yana nan a kujerarsa, hannu a cinya, yana kallon bangon jirgi. Ba mai tari ma.

A farko, in an kashe Natsu bayan dira, tsoron yakan dawo musu bayan awa biyu. Daga baya ya koma kwana biyu, sannan mako. Tun dirar Lurwanu ta goma sha ɗaya, wata uku ke nan, bai gama dawowa ba. Abin da ba ta hango a ɗakin gwaji ba shi ne, tsoro ba shi kaɗai yake tafiya ba. Wanda ba ya tsoron rasa ka, ba ya nemanka.

Mutumin da in ta yi lattin minti goma yake fitowa tashar jirgin-gari da silifas yana leƙen kowane tarago, yanzu sai ta shigo ta same shi zaune, ya ce "Sannu da zuwa" kamar mai karanta sanarwa. Ya daina ce mata Ruma. Ran nan da gangan ta zabga gishiri a miyar kuka har ita kanta ta kasa kai loma ta biyu, don dai ya yamutsa fuska, ya yi mata tsiya, ko faɗa ne ma ya yi. Ya cinye tas, ya wanke kwanon. Ta shiga kicin ta jingina da bango ta yi kuka mai isarta. Bai yi mata laifin komai ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Ga miji a ɗaki, ga numfashinsa tana ji, amma da a ce tafiya ya yi da ta fi samun wanda za ta yi kewa.

Muryar Janar ta faso cikin abin sauraren da ke kunnenta.

"Dakta, saura minti biyu ku iso fili. Har yanzu ina ganin shida a allona."

"Ranka ya daɗe, na rubuto maka. A tara tsoron ba ya dawowa. Duk dabbar da muka gwada a kai, ba wadda ta sake neman 'ya'yanta."

"Na karanta, 'yata." Muryar ta yi laushi, ba ta mugu ba ce. "Ni na kwaso gawa talatin da huɗu a Mashigin Yashi. Daga mita ɗari biyu suka diro, ana ɗauke su ɗai-ɗai kamar kurciyoyi. Iyayensu da sun samu ɗa mai shiru da sun karɓa da hannu biyu."

"Gaskiya ne, yallaɓai. Amma a hamsin da biyar ma idanun ba sa ganinsu. Wannan mita sha biyar da za a rage ta mece ce? Ta yaƙi ko ta jadawali?"

Muryar Janar ta koma ta umarni.

"Ƙasar da ake jin tsoron sojanta ba a taɓa ta. Baƙi suna kallo. Sa yatsa."

Fitilar ƙofa ta koma ruwan ɗorawa. Mazajen suka miƙe lokaci guda, Lurwanu a gaba. Rumasa'u ta matsa har hularta ta taɓa tasa, ta ajiye aikin, ta ajiye Kyaftin, ta yi masa magana irin ta ɗaki.

"Baban gida, kai kana so a ɗaga?"

"Duk ɗaya ne, Dakta."

"In aka ɗaga, yadda kake yau haka za ka zauna har abada."

"Ba laifi."

"To ni fa? Da a ce yanzu na zame ta ƙofar nan na faɗi, me za ka yi?"

Ya dube ta sosai, da idanun nan masu kyau da suka hana ta karatu a shekararta ta ƙarshe a jami'a. Ya yi tunani tsakaninsa da Allah, don bai iya ƙarya ba.

"Zan yi miki sallah. Litinin in dawo aiki."

Ba ta san lokacin da hawaye ya zubo ba, iska ta kwashe shi tun bai kai kumatu ba. Ta san abin da ke jiranta a ƙasa: kotun soja, da ƙwace ɗakin gwajinta, wataƙila gobe a kawo wani injiniya mai yatsa mara gardama. Ta san kuma ba ta da tabbacin mijin zai dawo ko ta kashe na'urar. Amma a shida akwai wataƙila. A tara babu.

"Daƙiƙa talatin!" in ji matuƙi.

Ta buɗe layin da ke kai magana har lasifikokin rumfar baƙi, don kada a ce ba a ji ba. Ta ɗora babban yatsanta a kan allo, ta ja shi ƙasa har ƙarshe. Zobba ashirin suka mutu a ƙeyoyi ashirin.

"Ranka ya daɗe, Rumasa'u ce ke magana. Na kashe Natsu, kuma ba zan sake kunna ta ba. Matuƙi, rufe ƙofa, yau ba mai dira. Ku bar wa Tsibirai jadawalinsu. Ni gida zan kai mijina, in zauna in jira shi."