Hannun da Ya Yanke Sil

A Guangzhou an daina ambaton Maidaji a wurin cin abinci. In baƙo ya tambaya, sai a ce ya koma gida, a tura masa kwanon miya. Ga abin da ba a faɗa masa.

Maidaji mutumin Maraɗi ne. Ya daɗe a garin yana aikin rakiya. Ya tarbi Alhazai a filin jirgi, ya zaga da su shagunan Liuhua Lu, ya yi musu ciniki da ɗan Sinancin da ya tsinta. Su cika kwantena su tafi, shi ya koma ɗaki ɗaya shi da matarsa Balkissa. Waɗanda ya koya wa gaisuwar Sinawa duk sun buɗe ofis. Abin yana cinsa a rai, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Farkon shekarar 2007 Faransa ta shiga zaɓen shugaban ƙasa. Mutanen Nijar suka riƙa taruwa gaban talabijin a wani gidan abinci, domin kusan kowa yana da wani a can. Aka rage 'yan takara biyu, mace da namiji, kuma namijin ya yi ta alkawarin tsananta wa baƙi marasa takarda. Ƙanen Maidaji, Sabiru, yana cikin irin waɗannan baƙi. Dako yake yi a shagon wani ɗan Mali a Paris.

"Yaya, mutane sun fara ɗaure kaya," in ji Sabiru a waya. "Kowa so yake ya tura abin da ya tara gida, kada a kama shi da rigar jikinsa kaɗai. Jakar Gana-mas-go ta yi wuya. Ko tsohuwa ba ka samu."

Sabiru tsoronsa yake faɗa. Maidaji kasuwa ya ji. Jakunkunan nan a bayan garin Guangzhou ake ɗinka su. Amma ba shi kaɗai ke da ƙane a Paris ba, kuma masu jari sun fi shi hannu. Sai ya nemi Barmo.

Barmo boka ne da ya zo sayen kaya bai koma ba. Yana zaune a Huangpu, bayan wani filin tsoffin ƙarafa, cikin kwantenar da tsatsa ta gama da ita. Maidaji ya je da tsakar rana. A waje zafi kamar zai narka kwalta, a ciki sanyi kamar ƙasan rijiya. An rufe bangon da jan ƙyalle. Akwai ƙahoni a rataye, da busassun kawunan kaji a zare, da turaren tsinke irin na Sinawa yana hayaƙi. A tsakiya baƙar tukunya ce bisa duwatsu, an ɗaure bakinta da fata. Ba wuta a ƙarƙashinta, amma fatar tana ɗagawa tana sauka.

"Baba Barmo, so nake namijin ya ci zaɓe."

"Ba ni da hannu a ƙuri'ar Turawa. Su da shaiɗanunsu." Barmo ya nuna tukunyar da haɓa. "Wannan tsoro yake kiwo. In ya shiga kayanka, duk mai tsoro a ƙasar can jakarka zai nema, ko an tara masa na wasu a ƙofar ɗaki."

"Mi yake ci?"

"Wanda ya yanke sil."

Sil shi ne ɗan ƙarfen da ake datse ƙofar kwantena da shi bayan an gama lodi. Ba ya buɗuwa sai an yanke shi.

"A ba shi baƙin bunsuru mana, Baba."

"Ka taɓa ganin bunsuru ya yanke sil?"

"To kwantenar farko kaɗai."

"Ɗan Maraɗi, nan ba Liuhua Lu ba ne. Duk kwantenar da aka datse da sunanka, har ka mutu."

Maidaji ya tuna leburorin tashar jiragen ruwa, mutanen da bai san fuskarsu ba. "Ko da bare ne ya yanke?"

"Ba ya tambayar dangi. Ko wa ya yanke." Barmo ya dube shi, bai ƙifta ido ba. "Amma kai ɗan kasuwa ne. Ka san wa ke yanke sil a wurinku."

Ya sani. A al'adar 'yan kasuwarmu ba a ba bare yankan sil. Ɗan'uwa ke yankewa, da bismilla, a gaban shaidu, don in kaya sun ragu kada a zargi kowa. Maidaji ya ce a ransa al'ada ba farilla ba ce. Ya miƙa hannu. Barmo ya tsaga masa tafi, ya shafa jinin a sabon sil, ya ɗaga gefen fatar ya tura shi ciki. Wani abu ya karɓa daga ciki. Da ƙarfen ya fito, yana da ɗumi kamar an ciro shi daga baki.

Ba a yi mako ba wani mai masana'anta da bai taɓa amsa gaisuwarsa ba ya kira shi da kansa, ya cika masa kwantena. Jirgi na kan ruwa aka yi zaɓe. Washegari da safe gidan abincin ya yi tsit, domin namijin ya ci. Wani dattijo yana share ido. Maidaji ya ce alhamdu lillahi ƙasa-ƙasa, amma Alhasan, wani Bakano abokin zamansa, ya ji, ya juyo ya dube shi.

Da kaya suka kusa isa ma'ajiyar ɗan Malin, ya kira Sabiru. "In ta iso, ka ba lebura ya yanke sil."

Sabiru ya yi dariya. "Haba Yaya! Kwantenarka ta farko a duniya, in ba bare? Mi za a ce a Maraɗi, ba ka da ƙane?"

"Na ce ka ba lebura."

"Don mi?"

Nan ne wurin faɗin gaskiya. Kalma kaɗan ta isa. Amma in ya faɗa, Sabiru ba zai taɓa kayan ba, kuma ba zai bar wani ya taɓa ba. Maidaji ya ce, "To, yadda ka gani."

Jakunkuna suka ƙare kafin a gama sauke su. Bayan 'yan kwanaki Sabiru yana ɗakinsa a saman bene da rana aka ƙwanƙwasa ƙofa da ƙarfi. Ya zaci masu duba takarda ne. Ya fita ta taga zai kama bututun ruwa, bututun ya ɓalle da shi. Mai ƙwanƙwasawar maƙwabci ne, ya zo aron tukunya.

Maidaji ya karɓi gaisuwa a Masallacin Huaisheng bayan Juma'a, daga nan ya wuce masana'anta. Dokokin Faransa suna ƙara tsauri, oda tana ƙara zuwa. Ya buɗe ofis, ya koma gidan bene mai na'urar sanyi, Sinawa suka fara kiransa lawban, wato maigida. Kwantenonin da suka biyo baya leburori suka yanke. Bai taɓa tambayar abin da ya same su ba.

Sai ya cika wata kwantena da kujeru da tayil da janareta, ya tura Maraɗi, gidan da yake gina wa mahaifiyarsa Hajjo. Ya gargaɗi direba ya sa yaran mota su yanke. Amma unguwa ta taru, kuma dattawa suka ce ba a yi wa uwa haka. Aka fito da tsohuwa, aka ɗora hannunta kan almakashin ƙarfe don albarka, aka taya ta dannawa. Ba ta ga sabon wata ba. Ta rasu tana cewa a buɗe wa Sabiru ƙofa, yana tsaye a rana.

Balkissa na kusa ranar da direban ya kira yana murna. Ta ji mijinta ya yi ƙara, "Wa ya yanke?" kafin ya tambayi ko kaya sun isa lafiya. Bayan rasuwar ta tsaya gabansa.

"Alhaji, Sabiru ma shi ya yanke?"

"Ki kawo mini shayi."

"Ni yaushe ne nawa?"

Daga ranar Balkissa ta daina buɗe komai. Ba ƙofa, ba gwangwanin madara, ba murfin tukunya. Takan zauna tsakiyar falo ta cusa hannuwa a hammata, in an miƙa mata kwalbar ruwa ta yi ihu har maƙwabta su buga bango. 'Yan'uwanta suka aiko aka tafi da ita, hannuwan na nan a hammata har cikin jirgi.

Shekarar wasannin Olamfik ta shigo da nata. Aka tare wutar wasannin a titunan Paris, Sinawa suka fusata da Faransa. Mai masana'anta ya ji inda kayan za su, ya ce "meyo", babu. Biza ta yi wuya, ana bin gidaje ana duba fasfo. Maidaji ya ruga Huangpu don a warware alkawarin tukunya, ya tarar an share filin ƙarafan. Ba Barmo, ba tukunya.

Bizarsa ta kusa ƙarewa. Ya juya duk abin da ya mallaka ya zama kaya, ya datse a kwantena guda zai bi ta gida. Ita ce aka ware don bincike. Masu ma'ajiyar tashar Guangzhou suka ce ba sa taɓa sil sai mai kaya ya zo, don sun gaji da zargin sata. In bai zo ba, kaya sun zama na gwanjo. Ya roƙi Alhasan ya raka shi.

A ma'ajiyar, wani ma'aikaci ya miƙo almakashi. Maidaji ya tura wa Alhasan. "Mutumina, taimaka. Hannuna ke ciwo."

Alhasan ya mai da hannuwansa baya. "Ni ɗan'uwanka ne?"

"Ai mun zama ɗaya."

"Tun yaushe? Ka manta ina gefenka ranar da ka yi hamdala?" Ya matsa baya. "Kira ɗan'uwanka ya yanke, Alhaji."

Ba sauran wanda zai kira. Ma'aikacin yana buga ƙafa. Hanyar fita a buɗe take, kuma da ya juya ya bar kayan da ya tafi da ƙafafunsa. Ya dubi hanyar, ya dubi kwantenar. Ya kama almakashin da hannu biyu ya danna.

Kaya lafiya lau, ko kwali ɗaya bai ragu ba. Maidaji ne ya zame ya zauna a ƙasa, bakinsa ya karkace. Likita ya ce shanyewar jiki ce daga hawan jini. Wataƙila. 'Yan kasuwa suka ɗora shi a jirgi. Kayan kuwa ba wanda ya yarda ya saka sunansa a kansu, suka ruɓe a tasha.

Yana Maraɗi har yanzu, a gidan da ba a gama rufinsa ba. Ba ya magana, ba ya motsi, amma idonsa biyu kuma hankalinsa na nan. Abin da ke tukunyar bai yi gaggawa da shi ba.

Kai mai jin kukan ɗan'uwanka kana auna ribar da ke ciki, ka ji da kyau. Barmo bai yi wa Maidaji ƙarya ko sau ɗaya ba. Ya faɗa masa farashin tun kafin ya tsaga masa hannu. Boka ba ya buƙatar ya yaudari mai kwaɗayi, gaskiya ma ta ishe shi. Ka ji tsoron Allah tun kana da wanda za ka kira.