Kofin da Ba a Ƙara Wa

Hazo ya rufe tashar Busan a yammacin da Narae ta fara ganin Dohwan. Jirgin ruwa na yawon shaƙatawa ya tashi ke nan, fitilun gari suna ɓacewa a bayan taga ɗaya bayan ɗaya, kamar wani ne ke bi yana hure su.

Teburinsu na jikin taga ne, mai kujera uku. Babanta, Tsoho Pyo, yana dama, ita tana hagu, ta tsakiya babu kowa. Ta mahaifiyarta ce.

Mahaifiyar Narae 'yar tsibirin Jeju ce, cikin matan nan masu nutso teku da numfashinsu kawai suna kwaso kawa, wani irin dodon-koɗi na teku. Wata safiya ta shiga ruwa da 'yan'uwanta, su suka fito, ita ba ta fito ba. Ba a ga gawa ba. Tun daga nan Tsoho Pyo ya ƙi yi mata hidimar da ake yi wa matattu. Sai dai duk kaka ya kama musu wuri a wannan jirgi da ke ratsa ruwan Jeju, ya sa a zuba mata rabin kofi na jar giyar inabin da take so, ya ce, "Makara ta yi, ku bar mata."

Saurayin da ke kula da giya ya zuba wa kujerar ba tare da ya tambayi komai ba. Wannan ne abu na farko da Narae ta lura da shi. Na biyu kuma harshensa, wanda ke ɗan karkacewa kamar na wanda ya tashi a ƙasar waje.

"Ke fa, ranki ya daɗe, wacce za a kawo miki?"

"Irin ta uwarta take sha," in ji Tsoho Pyo.

"Na ga ta kurɓi irinta ɗazu, Yallaɓai. Na kuma ga ta runtse ido kamar mai haɗiyar magani." Ya dubi Narae. "Bar sunayen kwalabe. Me bakinki ya fi so a duniya?"

Ba a taɓa yi mata wannan tambaya a teburin nan ba. Ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, "Busasshiyar kanya."

Ya tafi, ya dawo da wata kwalba. Giyar ba ta da duhun ta Mama, ja ce garau, ana hango hasken fitila ta cikinta. Ya ce ta fara shinshinawa. Ta ji ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, da wani zaƙi can ƙasa-ƙasa. Ta ci yankan haƙarƙarin saniya, ta kurɓa, maiƙon naman ya wanke daga harshenta, idonta kuwa bai rufe ba.

"Yaya?"

"Ba ta faɗa da ni," ta ce. Ya yi dariya, ita ma ta yi.

Kofinta ya kai rabi lokacin da ya sake zagayowa. Yana murmushi ya karkata kwalbar, ya ƙara mata.

Tsoho Pyo ya ajiye tsinken cin abincinsa.

"Wa ya mutu a nan?"

"Yallaɓai?"

"Na ce wa ya mutu? Mai rai sai ya shanye kofinsa ake zuba masa. Matattu ake ƙara wa, ranar hidimarsu, don ba su iya shanyewa. Uban wa ya ce maka 'yata ta mutu?"

Fuskar saurayin ta yi fari. Ya ce a Faransa ya girma, a gidan abincin iyayensa, can kuwa abin kunya ne a bar kofin baƙo ya ƙare. Ya rusuna har ƙasa. Tsoho Pyo bai dube shi ba.

Daidai nan ƙahon jirgin ya yi kuka cikin hazo. Narae ta juya ga taga. Gilashin a lanƙwashe yake, sai ta ga inuwarta a ciki ba a kujerarta ba, a kujerar tsakiya, da cikakken kofi a gabanta. Ta ga babanta ma can yake kallo.

Washegari tana tsaye a saman jirgi, iska na kaɗa mata riga, sai ga shi da 'yar takarda a naɗe. Kanya ce busasshiya, ya roƙo daga kicin.

"Sunana Dohwan. Na zo ne in ga ko kina da rai."

"Ina nan, Bafaranshe. Hannunka bai kai nan ba."

"To in an yafe min, a ba ni lamba. Zan riƙa dubawa lokaci-lokaci, saboda tsaro."

Ta ba shi, kunnuwanta suna zafi.

Da suka koma Busan ta koma aikinta a laburaren jami'a, shi kuma jirginsa yana tafiya yana dawowa. Saƙonninsa sukan zo a tare, duk sanda suka kusanci tudu.

"Kanyata, yau wata tsohuwa ta sa ƙanƙara a giyar da ta girme ni. Na yi mata murmushi, na shiga sito na yi makoki."

"Yaya Dohwan, ka yi haƙuri. Ka dai tabbata ba ka ƙara mata ba."

"Na tuba. Yanzu sai na ga gindin kofi da idona. Kin ci abinci?"

A cikin irin waɗannan saƙonni ta ba shi labarin Mama, abin da ba ta taɓa ba kowa ba. Ta ce takalmanta suna nan a bakin ƙofa, suna fuskantar ciki, kuma Baba yakan goge su. Dohwan bai aiko da dogon jawabi ba. Ya rubuta, "Ya sunanta?" Ta gaya masa.

Ranar da Tsoho Pyo ya gane da wa take waya, bai ɗaga murya ba.

"Ruwa ya ɗauke min ɗaya. Ba zan miƙa ta biyu ga mutumin da ke kwana a kansa ba. Balle wanda ya riga ya zuba miki na matattu."

"Baba, kuskure ne."

"Hannu yakan riga baki sanin abu, Narae."

Yana da nasa zaɓin: Seungbae, likitan haƙori, ɗan abokinsa, wanda ke zaune a hawan ƙasa na gidan su Narae. Seungbae yakan karɓi kofi da hannu biyu, ya kau da kai gefe kafin ya sha a gaban babba, Tsoho Pyo kuwa ya yi ta gyaɗa kai. Shi ne ya tare ta a matakala wata rana.

"Ƙanwata, ba gulma ba, wani ɗan'uwana yana wanke-wanke a jirgin nan. Ya ce kowa ya san Bafaranshenki yana da mace. Yakan ajiye mata kujera a jikin taga, ya zuba mata giya kafin baƙi su shigo, a ji shi yana mata magana ƙasa-ƙasa. Ni dai haƙori na sani, amma ruɓaɓɓe tun da wuri ake cire shi."

Narae ba mai rigima ba ce. Ba ta tambayi Dohwan komai ba, ta dai daina amsawa.

"Kanyata, shiru?"

"Na yi laifi ne? Faɗa min ko da kalma ɗaya."

"Zan daina damunki. Amma ki riƙa cin abinci."

Ba ta ci ba. Damina ta wuce tana ramewa, zobenta ya fara zamewa daga yatsa. Takan yi mafarkin sawun ƙafa jiƙaƙƙu daga bakin ƙofa zuwa ɗakinta. Da safe takan farka ta tarar da babanta tsaye a kanta, hannunsa kusa da hancinta, yana jin ko tana numfashi.

"Kin gani ko?" yakan ce. "Tun ranar nan ake kiranki."

Da kaka ta zagayo ya kama wuri huɗu a jirgin. Ya ce a daren da za su ratsa ruwan Jeju zai ba Seungbae ita, a gaban uwarta, ko abin ya sake ta.

A wannan yammaci hazo ya sauko tun kafin rana ta faɗi. Narae ta kasa zama a ɗaki, ta sauka zauren cin abinci kafin a buɗe. Ba a kunna fitilu ba tukuna. Tebura sun yi layi da fararen mayafai, kofuna suna ɗan karkarwa da motsin inji. Can jikin taga ta hango mutum tsaye da kwalba, yana magana da kujerar da babu kowa.

Ta laɓe a bayan ginshiƙi.

"Mama, yau ma za mu wuce ta ƙofar gidanki," in ji Dohwan. Ya kira sunan mahaifiyarta cikakke, cikin ladabi. "Ga taki mai duhun, rabi kamar kullum. Ba zan ƙara ba, ba hurumina ba ne. 'Yarki ta daina min magana, ban san dalili ba. Na ga ta rame. In kina da hanya, ki ce mata ta ci abinci."

Narae ba ta san ta fito ba, sai da ta ji muryarta. "Ita ce macen?"

Ya juyo a firgice. "Wace mace?"

"Wadda ake cewa kana ajiye wa kujera."

Ya dube ta, ya dubi kujerar, sannan ya gane. "Tun ranar da kika gaya min sunanta. Duk sati muna wucewa ta nan, Kanyata. Ya zan wuce surukata ban gaishe ta ba?"

Ta rufe fuska da tafin hannu. Kuka da dariya suka haɗu mata, ta rasa wanda za ta fara.

Lokacin cin abinci Seungbae ya zo da sabuwar kwat. Aka kawo nama. Tsoho Pyo ya gyara murya zai fara magana, sai Narae, wadda ba ta taɓa katse shi ba tun tana yarinya, ta ɗaga hannu ta kira Dohwan. Ta karɓi kwalbar Mama daga hannunsa, ta ajiye a gaban babanta.

"Baba, ka ce an zuba min abin da ba nawa ba. Gaskiya ne. Ga mai shi nan, ta daɗe tana jira da rabin kofi."

"Narae."

"Ba makara ta yi ba, Baba. Ba ta iya shanyewa ne. Ni ma na gaji da zama a kujerarta. In ana kirana, don ba a sallame ta ba ne."

Tsoho Pyo ya daɗe yana kallon kofin. Giyar ciki tana karkata hagu da dama tare da jirgin.

Ya miƙe. Ya kama kwalbar da hannu biyu. Dohwan ya matso ba tare da an ce masa ba, ya tallafi gindinta. Tsohon ya ƙara kaɗan, ya tsaya, ya ƙara, ya tsaya, ya sake ƙarawa har kofin ya cika. Sannan ya durƙusa a kan kafet, a gaban baƙi duka, ya kai goshi ƙasa sau biyu, irin gaisuwar da ba a yi wa mai rai.

A nan ne suka ji shi. Daga waje, cikin hazo, wani siririn fito ya taso, dogo, irin wanda matan Jeju ke yi idan sun ɗago kai daga ruwa suna sakin numfashi. Sau ɗaya kawai.

"Tsuntsu ne ko?" in ji Seungbae. Can ya naɗe adikonsa, ya rusuna wa tsohon, ya fice.

Tsoho Pyo ya zauna yana share ido. Ya ɗauki nasa kofin ya shanye tas, ya kife shi ya nuna wa Dohwan, sannan ya miƙa.

"Ka ga gindinsa? To zuba min, ɗan Faransa. Ka kuma jawo kujerar likita ka zauna. Narae, ci naman nan kafin ya huce."

Ta cinye, har ta ɗauki na Seungbae.

Da bazara aka ɗaura musu aure a Busan. Iyayen Dohwan suka zo daga Faransa, shi kuma ya bar jirgi ya kama wani ƙaramin shago a bakin tasha. Bayan biki, da ango da amarya suka durƙusa a gaban iyaye suna riƙe da farin ƙyalle, Tsoho Pyo ya cika hannuwansa biyu da dabino da gyaɗar dutse ya watsa musu bisa al'adar fatan haihuwa, ya sake ɗiba ya watsa.

"Suruki, a hankali," in ji uwar Dohwan tana dariya. "'Ya'ya nawa kake so yarinyar nan ta haifa?"

"Duk wanda ya zo, akwai wuri."

Ya dafa kan Narae, ya dafa na Dohwan, muryarsa ta yi ƙasa.

"Allah ya yi muku albarka. Ku tsufa a tebur ɗaya. Kuma duk wanda ya fita a cikinku da safe, ya dawo gida."