Alewar Maƙogwaro da Muryar Baba

Ranar da Mai Sanarwa ya fara ganinta ko sallama bai iya yi ba. Mutumin da muryarsa ke cika tashar jirgin ƙasa tun safe har yamma, shi ne ya shiga kantin maganin da ke bakin tasha yana magana da hannu kamar bebe. Ya ajiye fankon kwalin alewar maƙogwaro a kan kanta, ya ɗaga yatsu uku.

Budurwar da ke bayan kantar ta dubi kwalin, ta dube shi. Farar riga ce a jikinta, da 'yar tocila a aljihu. Ta tambaye shi yaushe ya sayi wannan, ya rubuta mata a bayan tsohon tikiti: jiya.

"Guda ashirin da huɗu a kwana ɗaya? Malam, magani ne fa, ba alewar yara ba."

Ta sa shi ya buɗe baki, ta haska. Leƙawa ɗaya ta yi, ta gaya masa a ƙarƙashin fanka yake kwana, ba ya shan ruwa, kuma yana yi wa jirgin ƙarfe huɗu ihu alhali ga lasifika a gabansa. Duk gaskiya ne. Shekara biyar yana cin abinci da wannan maƙogwaro, bai san za a iya karanta shi kamar wasiƙa ba.

Ta ce a tsotsa a hankali, kada a tauna, kada a wuce adadin da aka rubuta a kwali. Ta ce irin wannan tana kashe zafi har baki ya yi nauyi, saboda haka kada ya kurɓi shayi mai zafi bayanta. In kwana uku ya wuce babu sauƙi, ko zazzaɓi ya shigo, ko haɗiya ta gagara, asibiti zai nufa. Murya kuwa in ta dusashe ta haura mako uku, to ta fi ƙarfin alewa.

Kwali ɗaya ta ba shi maimakon uku. Ya fita da shi a hannu, ya bar hankalinsa a kan kanta.

A kwana na uku muryar ta dawo, amma ciwon Mai Sanarwa ya ƙi ƙarewa. Yau ciwon kai, gobe ƙaiƙayin ido, jibi ya zo tambaya a madadin wani maƙwabci da ba a taɓa haifa ba. Da ta gaji da ƙaryarsa sai ta ba shi lambarta, wai don a rage cunkoso a kanti.

"Likitata, yau guda huɗu na tsotsa, ban tauna ko ɗaya ba. Ina jiran lada."

"Ni ba likita ba ce, Sarkin Lasifika. Ladanka ka sha ruwa. Shekara biyu ina jin muryar nan ta tagar kanti ban san fuskar mai ita ba. Kwana ukun da ta ɓace, tashar ba ta yi min daɗi ba."

Ya karanta saƙon har sau bakwai. Ranar, jirgin ƙarfe huɗu ya samu sanarwa mai taushi irin wadda bai taɓa samu ba.

Sai dai kowace hanya da gargadarta. Mahaifinta tsohon hedimasta ne, wanda aka ce a zamaninsa makarantar ba ta buƙatar ƙararrawa, gyaran muryarsa ya isa. Da aka kai masa maganar, ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da ake biya don ya yi surutu ba. Shi yana da nasa zaɓin: Wakili, mai kai wa kantuna magani a farar mota, wanda ba ya zuwa gidan hannu rabbana. Sau ɗaya tsohon ya yi tari a gabansa, washegari Wakili ya kawo katan guda na alewar maƙogwaro.

Tun daga lokacin Baba ya ɗauke wuta. In an gaishe shi ya ɗaga hannu, in an kai abinci ya nuna tebur, sauran yini yana ɗaki da rediyonsa. Mama ta ce fushi ne, a bar shi ya huce. Ita ma 'yar haka ta ɗauka, ga shi da sassafe take fita, sai yamma ta dawo. Wata biyu gidan yana tafiya a kan yatsun ƙafa.

Da ƙyar Mama ta samar wa Mai Sanarwa izinin zuwa gaisuwa, sau ɗaya tak. Ya goge takalminsa, ya haddace jawabinsa, ya zauna a ƙasa kusa da kujerar tsohon. Bai kai rabin jawabin ba Baba ya katse shi.

"Na riga na ce a'a."

Kalma biyar ne, amma kunnen da ya saba da murya ya ji abin da mutanen gida ba su ji ba. Iska ce ke zurarewa a cikin maganar, kamar lasifikar da ta yage. Ya ɗaga ido, ya ga kuncin tsohon ya ɗan tasa, ga ƙamshin na'ana'a, ga gefen takardar alewa yana leƙowa daga ƙarƙashin kushin.

Ya san lissafin. In ya yi shiru ya fita da ladabi, wata rana a iya sake buɗe masa ƙofa. In ya yi magana, shi ke nan. Yana sonta son da bai taɓa yi wa kowa ba, kuma tsoro ya kama shi.

"Baba, ka gafarce ni. Tun yaushe muryarka ta dusashe? Ina roƙonka ka je asibiti."

Tsohon ya nuna masa ƙofa. Mama ta raka shi da harara har bakin titi. Kafin ya isa gida saƙo ya shigo.

"An ba ka dama ka nemi aurena, ka tsaya kana duba mahaifina kamar majinyaci a gaban iyalinsa. Kada ka sake kirana."

"Ba zan kira ba, Likitata. Amma ke kika koya min cewa murya in ta haura mako uku ta fi ƙarfin alewa. Ki ɗaga kushin ɗin kujerarsa."

Kwana huɗu babu amsa. Yana sanar da jirage suna zuwa suna tafiya, yana zagayawa ta ƙofar baya don kada ya bi ta gaban kanti. A rana ta biyar aka ƙwanƙwasa ɗakin sanarwa. Ita ce, idanunta sun yi ja, da leda a hannu. Ta zazzage masa ita a kan tebur: takardun alewa ne, tuli guda, daga kushin, daga aljihun riguna, daga cikin akwatin rediyo.

Ta ce ita da take hana baƙi kwali uku, a gidansu aka shanye katan ba ta sani ba. Ashe ba fushi ba ne ya rufe bakin Baba, tsoro ne. Yayansa da ciwon maƙogwaro ya rasu. Shi kuwa duk lokacin da ya tsotsa, zafin sai ya lafa, sai ya gaya wa kansa sauƙi ne ke zuwa. Durƙusawa ta yi a gabansa tana kuka kafin ya yarda a kai shi.

"Gobe ne ganin likita," ta ce. "Ka zo. Kuma ka yafe min."

A asibiti likita ya zura wata siririyar kyamara ta hancin tsohon, hoton ya fito a allo. Mai Sanarwa yana tsaye daga baya yana kallo. Wasu 'yan fararen jijiyoyi ne guda biyu, ba su kai tsawon gaɓar yatsa ba, suna buɗewa suna rufewa. Wai daga nan tsawar hedimasta take fitowa, daga nan shi ma yake cin abinci, daga nan kowace uwa take kiran ɗanta. Ya ce Allah mai iko, a hankali, har sau uku.

A jikin guda ɗaya akwai wani tsiro kamar ƙwayar shinkafa. Likita ya ce an zo a kan gaɓa, da an ƙara wasu watanni da wani zancen ake yi. Aka cire shi, aka hana tsohon magana, ko raɗa.

Wakili ya zo dubiya da sabon katan. Mama ta karɓa da godiya, ta miƙa wa direbansa ya mayar mota. Wakili, bawan Allah, ya ce shi alheri ya nufa, kuma gaskiyarsa ne, sai dai wata biyu yana zuwa gidan bai taɓa tambayar me ya sa tarin ya ƙi tafiya ba. Daga ranar farar motar ta rage zuwa.

Baba ya koma magana da takarda da jan biro. Kullum bayan an tashi daga aiki Mai Sanarwa yakan zo ya karanta masa jarida, shi kuma ya ba shi maki kamar ɗan aji uku. Da huɗu cikin goma aka fara. Wata yamma, iyali duka suna falo, tsohon ya miƙa masa takarda, ya yi masa alama ya karanta da ƙarfi. Ya gyara tsayuwa, ya fara da muryar aiki.

"A gaya wa yaron nan ya turo iyayen..."

Nan ya maƙale. Mutumin da bai taɓa tuntuɓe a gaban lasifika ba, sai da Mama ta ƙarasa masa jimlar tana dariya. Likitarsa kuwa ta rufe fuska ta gudu ɗaki.

Ranar biki, zauren ya cika da 'yan uwa, da ma'aikatan tasha, da tsofaffin ɗaliban hedimasta masu furfura. Ba wanda ya zaci Baba zai yi magana. Ya miƙe, ya yafito ango ya riƙe masa makirfo. Muryar da ta fito ƙarama ce, siririya, amma zauren ya yi tsit irin wanda tsawarsa ba ta taɓa samu ba.

"Wata biyu ina shiru, kowa ya ce fushi ne. Mutum ɗaya ya saurara, shi ne wanda na kora. Na ce sana'arsa surutu, ashe kunne gare shi. Ɗana, ga ta nan. Allah ya sa ku zama masu sauraron juna, a magana da a shiru. Allah ya yi muku albarka, ya albarkaci zuriyarku."

Amin ta tashi daga kowace kusurwa. Ango ya buɗe baki zai faɗi tasa, babu abin da ya fito, kamar dai ranar farko a bakin kanta. Ya dubi amarya yana nuna maƙogwaronsa, hawaye na bin fuskarsa.

Ta tura masa kofin ruwa, ta sunkuyo kusa da kunnensa.

"Kada ka sa rai da alewa, Sarkin Lasifika. Wannan ba ciwo ba ne."