Zangarniyar Gindin Gawo

Ku matso kusa. Ke Sa'ade, kife wayar nan, haskenta yana damuna. Wannan ba tatsuniya ba ce, wanda ya ji dariya na zuwa masa ya tashi ya ba mu wuri. Labarin Barira ne, 'yar Baffa Ilu, wadda kuke kira Dakta. Da hannuna a ciki, shi ya sa ban taɓa ba ku shi ba.

Kun san ta tafi arewacin Turai neman digiri na uku. A kan gero ta je bincike, ku ji fa, geron nan da muke surfawa. Irin gonar babanta ta tafi da shi, tana shukawa a wani ɗakin gilashi a bayan jami'a, ana haska masa fitila a madadin rana. Ƙasar kuwa in sanyi ya shigo, tun ƙarfe uku na yamma duhu yake rufewa. Shekara huɗu ba ta zo gida ba. Duk Juma'a sai ta kira Baffa, ya tambaye ta ko geron ya fid da kai, ya yi ta dariya wai 'yarsa tana noma a cikin kwalba.

Saura wata guda ta kare bincikenta a gaban malamai, Baffa ya kwanta. Kwana uku Allah ya karɓi abinsa. Manya suka zauna suka yanke shawara: kada a gaya mata sai ta gama. Haka muke yi ai, kuma tausayi muke kiransa. Aka damƙa mini wayarsa, wai ni ce na iya daidaita murya.

Ran Juma'a ta kira. Na ce ya tafi ɗaurin aure. Ran Lahadi ta sake kira, na ce barci yake yi. Har dariya na yi mata, Allah ya yafe mini.

Tsakanin ɗakin gilashin da masaukinta akwai wata siririyar hanya ta cikin itatuwa. Kullum da abokiyar aikinta suke bi. Ranar kwana tara da rasuwar, abokiyar ba ta zo ba. Barira ta gama auna tsirranta, ta kulle ƙofa, ta fito ita kaɗai. A garinmu ko magariba ba a yi ba, amma can duhu ya yi. Dusar ƙanƙara har ƙauri. Ba ka jin komai sai ƙarar takalminta.

Sai ta ji an yi sallama. Da Hausa.

Ta tsaya cak. Wata tsohuwa ce a gindin fitilar hanya, da zane ɗaya, kafaɗa a waje. A sanyin da in ka tofar da yawu yake daskarewa. Barira ta amsa, tururi ya fito daga bakinta. Tsohuwar ta yi magana, ba abin da ya fito daga nata.

“'Yar Ilu ce?”

“Ni ce, Inna. Daga ina?”

“Daga gida.”

Barira ta sunkuyar da ido. Ƙafar tsohuwar ba takalmi, da jan yashi a tsakanin yatsu. Ta duba bayan tsohuwar. Dusar ƙanƙara fara fat, ba sawu ko ɗaya. Ta fara addu'a a ranta, tsohuwar ba ta motsa ba.

“Karanta, 'yar nan, ba cutar da ke na zo yi ba. Kin san gawon tsakiyar gonarku?”

Ta sani mana. Duk kaka, kafin a ɗaure dami, Baffa yakan yanki zangarniyar fari ya ajiye a gindin gawon nan. In an tambaye shi sai ya ce ta masu wuri ce.

“Shekara arba'in bai taɓa mantawa da mu ba,” in ji tsohuwar. “Na zo miki gaisuwa. Yau kwanansa tara a ƙasa. Mun jira mutanenki su faɗa miki, sun ƙi. Mu ba ma ɓoye wa ɗa mutuwar ubansa.”

Ta miƙo mata zangarniyar gero.

“Ta bana ce. Ba mu taɓa ba. Ita ce abu na ƙarshe da ya yanka da hannunsa.”

Barira ta karɓa. Da ɗuminta, kamar yanzu aka ɗauko ta daga rana. Da ta ɗago kai, ba kowa sai fitila.

Ni kuwa a nan gida ina zaune ina tsintar wake, sai wayar Baffa ta yi ƙara. Na share murya na ɗauka.

“Yaya, ba ni Baba.”

“Yanzun nan ya fita masallaci.”

Sai ta sassauta murya.

“Yaya, wa ya yi masa salla?”

Farantin waken ya suɓuce daga cinyata.

“Da yana ciwo, ya neme ni?”

Ya neme ta, yara. Sau biyu ya ce a kira masa Barira, muka ce masa waya ba ta shiga. Wannan ma ban iya faɗa mata ba. Kukana ne ya ba ta amsa.

Ta kare bincikenta, ta ci. Ta dawo gida, ta gaisa da kowa, ba ta ɗaga wa kowa murya ba. Zangarniyar tana rataye a ɗakinta har gobe, ko ƙwaro bai taɓa ta ba. Duk kaka ita ke zuwa gindin gawo yanzu. Ni kuwa tana gaishe ni da ladabi, tana yi wa 'ya'yana alheri, amma in na ce mata wane yana lafiya, sai ta ce, “To, Yaya, ba ni shi in ji muryarsa.” Wannan kalmar ta fi mari ciwo.

Ke Sa'ade, ke ce mai shirin tafiya karatu waje. In kin je, kada ki bi hanyar itatuwa ke kaɗai bayan duhu ya rufe. In kuma kin kira gida kin ji na ce wane ya fita masallaci, kada ki yarda da ni.