Murfin Kwanon Zulaihatu

"Kowa ya kwanta! Fuska ƙasa! Wanda duk ya ɗaga kai ya sha dalma!"

Wada ne ke ihu, ogan namu, bindiga a hannu. Rana tsaka ce, a kan hanyar da ta fito daga kasuwar Bafarawa. Mun gitta wa wata tsohuwar babbar mota jif ɗinmu. Maliki, na biyunmu, ya riga ya haye bayan babbar motar yana turo buhuna. Ni Illo ina kan sitiyari, na naɗe fuska da rawani, inji a kunne. Ina ta faɗa wa raina cewa ni dai direba ne kawai. Ƙarya nake yi, kuma na sani.

Ba kuɗi ba ne a buhunan nan. Irin gero ne.

Shekara ta biyu ke nan sama ta ƙi. Mutane sun cinye har irin da suka ɓoye a rumbu. Wada ya samu labarin wani ƙauye ya sayar da sauran awakinsa, an haɗa hannu an tura mutane su sayo irin shuka. Ya ce a tsallaken iyaka buhu guda ya fi saniya daraja. Ban tambaye shi wane ƙauye ba ne. Ban so in sani ba.

Matsalarsa ɗaya ce, hanyar gudu. Titi akwai 'yan sanda. Gulbi kuwa ya ƙafe, ya zama yashi zalla har Nijar, kuma babu motar da ke ratsa shi. Shi ya sa ya nemo ni, don duk garinmu Isa an san ni da kanikanci.

Jif irin wannan tana da ƙaramin giyabos a bayan babban, wanda direbobi ke kira giyar taimako. Shi ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Namu ya tsufa, da an shiga yashi sai ya fitar da giya. Na shigar da motar bayan gidanmu, na haƙa rami, na kwance shi. Kwana goma sha biyu ina ƙarƙashinta. Na samo haƙoran wata matacciyar tarakta, na goge su da magagari har suka zauna. Na yi walda yadda gaba da baya za su ja tare, ba sakewa. Aibinsa ɗaya: in aka taɓa ƙaramin sandan giyar mota na cikin ja, haƙoran za su kakkarye. Ni kaɗai na san wannan.

Sai murfin giyabos ɗin ya tsage wurin ɗaurewa.

Ranar ce yayata Zulaihatu ta zo daga Tsamaye, inda take aure. Ita ta rene ni bayan rasuwar innarmu. Ta taho min da kwaɗon tafasa a kwanon aurenta, mai murfi da zanen jan fure. Ta leƙo ramin.

"Illo, mi kaka yi ƙasan ƙasa kamar gafiya?"

"Yaya, murfi ya fashe, kuma babu shi ko a Sakkwato."

"Motar ta mi ce?"

"Ta kai hatsi ƙauyukan da ke bayan gulbi ce."

Wallahi haka na ce mata, ko ƙifta ido ban yi ba. Ta dubi kwanonta, ta cire murfin ta miƙo min.

"In wanga za ya yi, ɗauka. Mai kai ma mutane hatsi bana ya fi ni buƙata tai."

Na buge shi da guduma ya miƙe, na huda ramuka takwas, na ɗaure. Ya zauna daram, ko ɗigon mai babu. Har daɗi na ji.

To, mu koma kan hanya.

Mutum tara ne kwance a ƙasa. Wani dattijo, Malam Usmanu, ya rungume buhu ya ƙi saki.

"Yaro, iri ne! Ku ji tsoron Allah, iri ne!"

"Saki, tsoho!"

"In kun tafi da shi garinmu ya watse—"

Tau! Wada ya harbe shi a ciki. Maliki ya fizge buhun.

Na juya don kada in gani, sai idona ya faɗa kan madubin gefe. Wata mace ce kwance dab da motarmu, kuncinta a kan ƙasa. Zulaihatu ce. Wada ya ce kada a ɗaga kai, ba ta kuwa ɗaga ba. Ƙarƙashin motar take kallo. Mutanen Tsamaye sun taho da ita ne saboda ta san iri, da ta murza shi a tafi za ta faɗa maka na bara ne ko tsoho.

Na san abin da take gani. Jan fure, da ƙusoshi takwas.

Ba ta yi ihu ba. Ba ta kira sunana ba. Ta ja mayafinta ta rufe fuska, kamar ita ce ta yi abin kunyar.

"Ja mu!" Wada ya faɗo gefena. "Kai, ja mu, ɗan iska! Barci kaka yi?"

Na ja.

Daga baya na ji yadda aka yi a can. Wani mai babur ya hango mu, ya sheƙa ya kai labari. Wani sajan da mutum huɗu suka biyo sawunmu a akori-kura. Da suka iso gaɓar gulbi motarsu ta nutse a yashi har ciki. Sajan ya sauka, ya hangi ƙurarmu, ya jefar da hularsa ƙasa. "Sun tafi," ya ce.

Mun tafi kuwa. Jif na cin yashi kamar a kan kwalta. Maliki na bugun rufi yana dariya. Wada ya daki kafaɗata.

"Shege Illo! Hannunka ya yi, baba! Dubi 'yan banza can sun kafe!"

Yabon nan ne ya ƙarasa ni. Aikin da na fi iyawa a rayuwata ke nan, kuma da murfin kwanon yayata na rufe shi. Ina jin warin tafasa a hancina.

Na sa hannun dama a kan ƙaramin sandan.

"Mi kaka taɓi nan?"

Na take totur har ƙasa, na fizgo shi da ƙarfina duka.

Ƙarrrr — ƙas! Motar ta yi tsalle ta tsaya cik. Baƙin mai ya tsiyayo kan yashi.

"Tada ta!"

"Ba ta tashi, Wada."

"Gyara ta!"

"Ni na karya ta."

Ya dube ni kamar bai ji ba. Sannan ya juya bindiga ya sauke min gindinta a baki. Haƙora uku suka zube. Da bai hango 'yan sandan sun taho a ƙafa ba, da mutanen kasuwa a bayansu, da ya gama da ni. Suka zura da gudu. Amma wa ke gudu a yashin gulbi da rana tsaka? Maliki ya juya ya yi harbi, aka mayar masa, ya faɗi bai sake motsi ba. Wada kuwa ƙishirwa ce ta kama shi kafin sajan ya iso.

Ni ina zaune a inuwar motar, ban je ko'ina ba.

Kada wani ya ce na yi jarumta. Malam Usmanu ya cika kafin la'asar. Buhu sha huɗu sun koma Tsamaye, biyu harsashi ya fasa sun tsiyaye a yashi. Wada an yanke masa hukuncin kisa. Ni na sha da ɗaurin shekara goma sha biyu, don hannuna bai taɓa bindiga ba, kuma sajan ya faɗi abin da ya gani.

A ofishin 'yan sanda an kawo Zulaihatu, aka nuna mata ni.

"Kin san wannan?"

Ta dubi bango. "Murfin kwanona na sani, yana ƙasan motar. Shi ban san shi ba."

Da na fito, Tsamaye na fara zuwa. Gero ya yi kai a gonaki, jikokin irin nan ne. Na yi sallama a ƙofar gidanta, na ce a faɗa mata Illo ne. Aka shimfiɗa min tabarma a zaure, inda ake ajiye baƙi. Na daɗe ina sauraron takunta. Mijinta ne ya fito da tuwo, ya ajiye a gabana.

"Ta ce a ba baƙo abinci."

Kwanon nan ne. An rufe shi da faifai.