Sensar Ɗakin Kumatu

Rana ta yi ja lokacin da Auta ya jingine babur ɗinsa a ƙofar gidan yayarsa. Tun safe take kiransa, shi kuma tun safe yake cewa ga shi nan zuwa, irin "ga ni nan" ɗin masu gyara da ba ta da rana ba ta da wata. A waje Injiniya ake ce masa, don babu esi, na'urar sanyaya ɗaki, da ke gagararsa. A gidan nan kuwa, ko gemunsa zai taɓa ƙasa, Auta ne.

"Sai yanzu?" in ji Yaya, tana jijjiga 'yarta a kafaɗa. "Da na wani ne da tuni ka gama."

"Wani ai ba ya zagina."

Ya miƙa hannu zai ja kumatun yarinyar kamar yadda ya saba, sai ya tsaya. Shi ya laƙaba mata suna Kumatu, ga shi yau kumatun sun zabge. Ƙuraje sun feso mata a wuya. Yaya ta ce kullum da yamma jikinta ke ɗaukar zafi, da safe ya sauka. Asibiti sun duba ba su ga komai ba, sun ce dai a riƙa kwantar da ita a ɗaki mai sanyi. Mijin Yaya direban babbar mota ne, yana can kan hanya. Esin ɗakin kuma ya zaɓi wannan lokacin ya fara iskanci.

"Da rana lafiya lau yake," in ji ta. "Ana kiran magariba sai ya yi ƙara sau uku, ya nuna E4, ya mutu."

Auta ya yi murmushi. Ƙaramin aiki ne. A irin wannan esin, E4 ƙorafin sensa ne, ɗan baƙin abu kamar ƙwayar wake a bakin siririyar waya, wanda ke gaya wa injin zafin ɗaki. In ya lalace sai ya riƙa zuba ƙarya, injin ya tsorata ya kashe kansa.

Ya taka kujera, ya buɗe murfi, ya zaro sensar. Ya maƙala ta a tsohuwar mitarsa mai allura, sannan ya yi gwajin da ogansa ya koya masa: ya dunƙule ta a tafin hannunsa na dama. Mai lafiya, da ta ji ɗumin jiki, allura za ta gusa a hankali. Allurar ta gusa. Ya buɗe hannu, ta koma.

Lafiyarta ƙalau.

Ya yi tsaki, ya ajiye mitar a kan tebur kusa da gadon yarinyar da sensar a jikinta, ya ɗauko sabuwa fil ya sa. Esin ya tashi da iska mai daɗi. Daga nesa ladan ya ɗaga murya. Ƙara uku, E4, shiru.

Gumi ya karyo masa. Wayarsa na ta ruri a aljihu, wani mai shago ne da ya yi wa alkawari tun azahar. Sauro na kuka a kunnensa. Kumatu ta fara wani ƙaramin kuka mai cin rai. Ya duba fanel, ya duba wayoyi, ya hura, ya goge, ya mayar. E4.

"Auta, don Allah kar ka bar mu haka yau ma," Yaya ta faɗa a hankali. "Na gaji."

Tausayinta ne ya sa ya yi abin da ogansa zai mare shi a kai. Ya cire sensar gaba ɗaya, ya laluba ƙasan jaka ya ɗauko ɗan resista, ya ɗaura a gurbinta, ya naɗe da baƙin tef. Yanzu ko wuta ake hurawa a ɗakin, injin lamba ɗaya zai riƙa ji.

Esin ya tashi. Fuskarsa ta nuna 24, ta zauna daram.

"Kai, Allah ya yi maka albarka, ɗan autan Mama!" Yaya ta kwantar da Kumatu, ta saki gidan sauro, ta fita falo ta tayar da sallah.

Auta ya durƙusa yana tattara kaya. Sukudireba, filaya, tef. Ya juya zai ɗauki mita.

Allurar na rawa.

Babu wanda ya riƙe tsohuwar sensar. Tana reto a bakin tebur, ta gefen kan gadon, iska mai sanyi na dukanta. Amma allurar na gusawa, kamar an dunƙule ta a hannu. Ta wuce inda ɗumin mutum ke kai ta. Ta ci gaba.

Sai wari ya zo. Warin ayan ɗin guga da aka manta a kan riga.

Kumatu ta daina kuka. Ta ƙura ido sama da kanta, inda babu komai sai bango, ta yi wata 'yar dariya. Ta ɗaga hannuwa biyu, irin yadda take yi masa in tana so ya ɗauke ta.

Katakon gadon ya yi ƙara. Ƙarar nauyi.

Iskar esin na tura gidan sauron waje, amma ta gefen kai ciki yake lotsawa, a hankali, kamar wani ya sunkuyo ya jingina goshi.

Nan Auta ya gane. Ashe sensar ba ta taɓa ƙarya ba. Kullum da magariba abin ke zuwa, kullum injin ke ihu, ihun ne ke sa Yaya ta shigo ta ɗauke 'yarta zuwa falo. Yau shi da hannunsa ya toshe masa baki.

Ya ɗaga kai. 24.

Allurar ta bugi ƙarshen mita, ƙas.

"Yaya," ya kira. Muryar ba ta wuce haƙoransa ba.

Akwai numfashi a ɗakin, dogo, mai kauri, ba nasa ba. Duk fitarsa, gashin goshin yarinyar sai ya kwanta. Fuskarta ta yi jawur. Dariyar ta tsaya. Idanunta suka fara lumshewa.

Ƙofa na bayansa, a buɗe. Ƙafafunsa ita suke so.

Ya cusa hannun dama cikin gidan sauron.

Aka riƙe shi.

Tafi ne cikin tafi, kamar gaisuwa. Busasshe. Yatsun sun zagaye hannunsa har sun haɗu. Zafin ya bi ƙashi ya hau har kafaɗa.

A daidai kunnensa aka raɗa, "Kai ka rufe masa baki. Na gode."

Duk addu'ar da ya sani ta gudu. Bismillah kaɗai ta rage, ita ya fizgo da ƙarfi. Ya sunkuci Kumatu da hannun hagu, ya finciki na dama, ya ji kamar fatar ta zauna a can. Ya yi karo da kujera, ya yi karo da ƙofa.

"Yaya, fita! Fita!"

Ba ta tambaya ba. Ta ga fuskarsa, ta bi shi da gudu ko takalmi babu. Sai a bakin titi, ƙarƙashin fitilar wani shago, Kumatu ta tsala ihu. Auta bai taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba, ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka.

Ba su sake kwana a gidan ba. Da mijin Yaya ya dawo, da rana tsaka aka kwashe kaya, aka bar gadon, don katifar ta ƙone baƙi ƙirin ta gefen kai. Zazzaɓin ya tafi, ƙuraje suka bushe, kumatu suka dawo. Hannun Auta ma ya warke, ko tabo babu. Sai dai ya daina gwajin dunƙule sensa da hannun dama, don da ya rufe tafinsa allura ke tsalle zuwa ƙarshe.

Shi ya ɗaura musu esin a sabon gida, ya cire resistan ya mayar da tsohuwar sensar. Esin bai ƙara nuna komai ba, sai wata yamma da Auta ya kawo ziyara. Yana sa ƙafa a ɗakin, aka ji ƙara uku. Kumatu ta juyo, ba ta dubi fuskarsa ba, hannunsa na dama ta duba, ta yi irin dariyar nan, ta ɗaga hannuwa biyu.

Auta ya mayar da hannun aljihu, ya ja da baya har tsakar gida. Esin ya tashi da kansa.

Har yau yana zuwa duk mako da 'yar tsarabarsa. A bakin ƙofa yake ajiyewa da hannun hagu, ya leƙa ta taga ya ga yadda ta girma, ya hau babur ɗinsa tun kafin a kira magariba.